Masu Dashen Hanta Da Hatsarin Fumfuna

Tun shekarar 1963 da Dokta Thomas Starzl ya fara gwada dashen hanta a birnin Denba na Amurka, likitoci suka gane cewa yanka da ɗinki rabin aikin ne kawai. Jikin mutum ba ya amincewa da baƙuwar hanta, yakan tasar mata kamar yadda yake tasar wa cuta. Saboda haka dole mai dashe ya sha magungunan danne garkuwar jiki, irin su sikulosporin da takrolimus, har iyakar ransa. Su ne ke hana jiki ƙin hantar, su ne kuma ke buɗe ƙofa ga cututtukan da mai lafiya ba ya ko sanin da su.

Daga cikinsu akwai ƙwayoyin fumfuna, watau dangin abin nan da ke tsirowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Yawancin jama'a ƙyasfi da makero kaɗai suka sani daga wannan dangi, don haka ake raina shi. Amma ga mai dashe lamarin ya wuce fata. Kandida, wadda ke zaune lafiya a hanjin kowa, ita ta fi yawan kama masu dashen hanta, musamman a makonnin farko, inda takan shiga jini ko kogon ciki. Hatsarinta yana ƙaruwa idan aikin ya daɗe, ko an ƙara jini da yawa, ko ƙoda ta gaza, ko kuwa dashe na biyu ne. Asfajilus ta hanyar numfashi take shiga, ta kama huhu, wani lokaci ta haura ƙwaƙwalwa, kuma tana kisa ƙwarai. Kiriptokokus kuwa jinkiri gare ta, sau da yawa sai an haura shekara, ana murna an tsallake, sa'an nan ta bayyana da sanƙarau. A cikin 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin ire-iren fumfuna 19 masu barazana, kuma waɗannan dangogi uku su ne suka cika rukunin mafi hatsari.

Abin ya shafi ƙasar nan kai tsaye. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a Nijeriya, kuma masu hali, da ma'aikatan da hukuma ta ɗauki nauyinsu, sukan tafi Indiya ko Masar a yi musu dashe. Bayan 'yan watanni sai su komo gida, inda asfajilus ke cikin ƙura da rumbun hatsi da buhunan gyaɗa da taki, kiriptokokus kuma ke cikin kashin tantabarun da ake kiwo a tsakar gida. Ranar da zazzaɓi ya taso, abin da aka saba shi ne a ce cizon sauro ne ko taifot, a ba da magani, in bai ji ba a sauya wani. Magungunan kashe bakteriya ba sa taɓa fumfuna, hasali ma yawan shansu yana share wa kandida fage. Kafin a farga an yi asarar mako biyu, alhali mai dashe ba shi da mako biyun da zai bayar.

Maganin ma ba na kantin bakin titi ba ne. Amfoterisin B yana da ƙarfi, amma yana wahalar da ƙoda, wadda dama takrolimus ya riga ya matsa mata. Fulukonazol da borikonazol kuwa sukan sa takrolimus ya taru a jini fiye da kima, don haka duk likitan da zai ba da su sai yana da halin auna jinin a kai a kai.

Lalle ne Ma'aikatun Lafiya da kwamitocin likitoci masu amincewa da jinya a ƙasashen waje su daina ɗaukar kuɗin aiki da na jirgi a matsayin ƙarshen lissafi. Kada a sa hannu a takardar kowa sai an rubuta asibitin koyarwar da zai karɓe shi idan ya dawo, an kuma ware kuɗin magani da gwaji na shekarun baya. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Maiduguri da Sakkwato ya kamata kowannensu ya sami sashen binciken fumfuna mai kayan aiki da ƙwararru. Ga ɗalibai masu karatun aikin ɗakin gwaji, wannan fanni ne da masu shi ba su da yawa.

Akwai kuma abin da ba ya bukatar sabon kasafi. Gwajin kiriptokokus na ɗan tsinke, wanda ake yi wa masu cutar ƙanjamau, yana ba da sakamako cikin mintoci kaɗan. Umarni ɗaya daga Ma'aikatar Lafiya ya isa a riƙa yi wa duk mai dashen da ya zo da ciwon kai mai naci. Iyalansa kuma a gaya musu ƙarara, tun kafin ya sauka daga jirgi, a kau da tantabaru daga gida, a raba shi da sharar rumbu da wurin da ake rushe gini.