Kuɗɗin da ke cikin salula ba naka ba ne

Samarin Dogon Dutsi, na Tibiri, na Matankari da Gesheme, ina da tambaya guda. Cikin duk masu ɗora hoton kupon a WhatsApp suna cewa sun ci cacar ƙwallo, mutum nawa kuka taɓa gani ya ƙirga kuɗɗin a hannu? Lamba bisa gilashin salula daban, jika cikin aljihu daban.

Ku duba yadda aka gina abin. Zuba kuɗi ba ya ɗaukar minti guda: ka latsa Airtel Money ko Moov Money, an gama, ba mai tambayar sunanka ko shekarunka. Ranar cirewa ake tuna doka. Kawo hoton katin ɗan ƙasa. Sunan da ke bisa layin waya ya zo daidai da na asusu, alhali da yawanmu da katin yaya ko na baba aka yanki layin. In ka karɓi bonis, sai ka sake buga shi sau da yawa kafin ka taɓa shi. In duk ka tsallake, a ce ka jira. Kana jira, Real Madrid na wasa da dare, kuɗɗin na kallonka. Kafin asuba ka maida musu abinsu. Ni dai ban yarda matsalar rezo ce ba. Jiran nan cikin sana'ar yake.

Mu yi lissafi. Wasan da ɓangarorinsa biyu suke kunnen doki, kamata ya yi a biya 2,00, amma sau da yawa 1,90 ake sawa. Wani ya zuba jika nan, wani jika can: kamfani ya karɓi 2000, ya biya 1900, ya riƙe 100, ko wa ya ci. Kombine kuwa ta fi muni. Wasa goma, kowane rabi da rabi, damarka 1 ce cikin 1024. Shi ya sa kullum labarin guda ne: "wasa ɗaya ya ɓata min".

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne ɗan unguwarmu mai tallar kod puromo. Tsarin irin wannan talla sananne ne: ana ba shi kaso daga abin da waɗanda ya kawo suka yi asara. Faɗuwarka ce albashinsa, kuma tare kuke shan shayi a fada. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

To in an rufe maka asusu da jika hamsin ciki, wa za ka kai ƙara? Da yawan shafukan nan takardar izininsu daga Kurasawo take, wani tsibiri can kusa da Benezuwela. Ba alƙalin Dutsi ko na Doso da sammacinsa ke kaiwa can.

Na san amsar da za a ba ni: babu aiki. Gaskiya ne, kuma ba na raina wanda zaman banza ya isa. Sai dai kuɗɗin da ake zubawa ba daga sama suke faɗowa ba. Balas ɗin kabu-kabu ne, kuɗin dankalin lambu ne, aiken ɗan'uwa ne da ke bida a Kwatano ko Legas. Arewa ke zubawa, waje ke kwashewa. Hukuncin addini kuma kowa ya sani, aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ba ta bar wani lungu ba.

Abin da nake nema kaɗan ne. Gwamnati da LONANI, hukumar caca ta ƙasa, su fito da sunayen masu izini a Nijar, da ofishin da wanda aka hana wa kuɗinsa zai tafi. A tilasta tantance mutum tun ranar zubawa, yadda yaro ɗan koleji ba zai shiga ba.

Kai kuma, yau da dare buɗe tarihin asusunka. Haɗa duk abin da ka zuba, haɗa abin da ya shigo hannunka, ka debe. In ka samu amsar, nuna ma ƙanenka kafin mai kod puromo ya riga ka.