Taura Biyu a Baki Ɗaya: Rijistar Darussan Jami'a a Sakandaren Amurka

Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. A Amurka kuwa an kafa wani tsarin karatu a kan cewa tana taunuwa. Yaro yana ajin sakandare, bai karɓi takardar kammalawa ba, amma darasin da yake zaune a cikinsa na jami'a ne. Malamin makarantarsu ne ke koyar da shi, a ɗakin da ya saba, sai dai jami'a ce ta amince da malamin da manhajar da jarrabawar. Idan ya ci, sakamakon zai shiga wuri biyu: takardarsa ta sakandare da kundinsa na jami'a. Zan kira wannan tsari tagwayen rijista. Ra'ayina shi ne, alherinsa da sharrinsa duka a teburin rijista ake yanke su, kuma mafi yawan abin da ake yankewa a wannan teburi magana ce ta harshe, wato fagenmu.

Kafin mu yi nisa, akwai tarkon kalma da ya kamata mu tsallake. A wajenmu kwaleji ita ce makarantar da yaro ke shiga bayan firamare, kafin lise. A bakin Ba'amurke kuwa kwaleji makarantar gaba da sakandare ce, ko mai shekara biyu ko mai shekara huɗu. Kiredi kuma ba baƙo ba ne gare mu tun da jami'o'inmu suka shiga tsarin LMD, inda zango ɗaya yake da kiredi 30, lisans kuma 180. A can digirin farko yakan ɗauki kiredi 120, darasi guda galibi uku. Yaron da ya tara kiredi 15 tun yana sakandare ya rage wa kansa zango ɗaya cur, ya kuma rage wa iyayensa kuɗin wannan zango a ƙasar da karatun jami'a ke jefa iyalai cikin bashi.

Tsarin ba sabo ba ne. Jami'ar Konetikat ta soma shi tun 1955, ta Sirakus a jihar Niyok ta biyo baya a farkon shekarun 1970, a 1999 kuma aka kafa ƙungiyar NACEP mai tantance ingancin irin waɗannan shirye-shirye. Abin da yake sabo shi ne yawan masu shiga. A shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023, ɗaliban sakandare kusan miliyan biyu da rabi ne suka yi rijistar darussan jami'a, har ta kai cewa a kwalejojin al'umma masu shekara biyu, kusan ɗaya cikin kowane ɗalibi biyar ɗan sakandare ne. Wani bincike na cibiyar ƙididdigar ilimi ta ƙasar, wanda ya bi sawun yaran da suka shiga aji tara a 2009, ya nuna kashi 34 cikin ɗari sun ɗauki irin waɗannan darussa, kuma kashi 80 cikin ɗari na waɗanda suka ɗauka a makarantarsu aka koyar da su. Binciken ya nuna wani abu kuma: a cikin yaran da iyayensu ke da digiri, kashi 42 ne suka shiga, a cikin waɗanda iyayensu ba su gama sakandare ba kuwa kashi 26. Ashe waɗanda suka fi buƙatar rangwamen su ne suka fi ƙarancin samunsa. Tambayar ita ce, a wane mataki suke zubewa?

Matakin farko shi ne jin labari. Ba kowane yaro ake tara wa a ce masa ga dama ba. Sau da yawa malami ko mai ba ɗalibai shawara ne ke zaɓen wanda ya ga ya dace, ya miƙa masa takarda. Wanda ya fi iya magana a aji, wanda lafazinsa ya yi kama da na malamin, shi ake gani da sauri. Mu da muka karanta ilimin walwalar harshe mun san cewa kunne yakan yanke wa mutum hukunci kafin hankali ya auna abin da ya faɗa. Ga kuma wa'adi. A jihar Ohayo, misali, ana son iyali su sanar da makaranta niyyarsu kafin 1 ga Afrilu domin karatun shekara mai zuwa. Uban da ya yi jami'a ya san da wannan rana tun da wuri. Uwar da take aikin dare, wadda wasiƙar makaranta ta zo mata cikin Ingilishin da ba ta karantawa, sai bayan an rufe ƙofa take jin an taɓa buɗe ta.

Mataki na biyu shi ne jarrabawar tantancewa. Jami'o'i da yawa sun daɗe suna dogara da gwaji guda, irin su Accuplacer ko gwajin TSI na jihar Tekzas, domin su san ko yaro ya isa karatun jami'a. A nan ne ya kamata mu tuna da Jim Cummins, wanda tun ƙarshen shekarun 1970 ya bambanta harshen hira da harshen karatu. Yaron da ya zo sabuwar ƙasa yakan kama harshen hira cikin kamar shekara biyu, amma harshen littafi da muhawara yakan ɗauke shi shekara biyar zuwa bakwai. Kusan ɗaya cikin kowane yaro goma a makarantun gwamnatin Amurka yana cikin rukunin masu koyon Ingilishi, mafi yawansu masu Sifaniyanci a gida. Idan aka ba irin wannan yaro tambayar lissafi da aka nannaɗe cikin dogon zance, ya faɗi, me aka auna? Lissafinsa ko Ingilishinsa? Gwajin ba ya iya faɗa, amma teburin rijista yana ɗaukar sakamakon kamar ya faɗa. Binciken da aka yi a cibiyar nazarin kwalejojin al'umma ta Jami'ar Kolumbiya a 2012 ya nuna cewa matsakaicin makin da ɗalibi ya tara a sakandare ya fi gwajin yini ɗaya nuna yadda zai yi a jami'a. A kan irin wannan hujja ce jihar Kaliforniya ta yi doka a 2017 da ta tilasta wa kwalejojinta duba makin sakandare wajen sanya ɗalibai a darussan Ingilishi da lissafi. Ina ganin duk mai kula da tagwayen rijista ya kamata ya bi wannan hanya: a duba aikin shekaru, a duba darasin da yaron ke nema, a bar gwaji ya zama shaida ɗaya cikin shaidu.

Mataki na uku shi ne wanda ya fi damuna, domin ana ɗaukarsa ƙaramin aikin ofis: sa hannu. Takardar da yaro ɗan shekara goma sha shida yake sa wa hannu tana buɗe masa kundin jami'a na dindindin. Idan ya faɗi darasin, faɗuwar za ta bi shi duk jami'ar da ya nema. Idan ya janye bayan ranar da aka ƙayyade, alamar janyewa za ta zauna a kundin. Daga baya, sa'ad da ya nemi tallafin karatu na gwamnatin tarayya, jami'a za ta duba ko yana ci gaba yadda ake so, kuma yawancinsu suna neman ya kasance ya ci kimanin kashi biyu bisa uku na kiredin da ya ɗauka. Darasi biyu da ya faɗi yana yaro suna iya shiga wannan lissafi. A Ohayo makaranta tana da ikon neman iyali su biya kuɗin darasin da yaro ya faɗi, ko da yake an keɓe iyalai marasa ƙarfi. Ga kuma dokar sirrin bayanan ɗalibai ta 1974, wadda ta ce da zarar mutum ya zama ɗalibin jami'a, komai shekarunsa, haƙƙin bayanansa na jami'a ya koma hannunsa. Uwa tana iya kiran kwalejin ta tambayi makin ɗanta a ce mata sai da izininsa. Duk waɗannan sharuɗɗa suna cikin takardar. Amma rubuta abu daban, fahimtar da shi daban. Na tuna ranar da na yi rijistar shekarata ta farko a jami'a. Na kai wa mahaifina takardun, ya juya su, ya dube ni ya ce, “Kai ka karanta, ni na yarda.” Gaskiyar magana ni ma rabin Faransancin ofis ɗin nan ban gane shi ba. Yardar da aka bayar a kan abin da ba a fahimta ba, sunanta kawai yarda.

A ƙarƙashin wannan duka akwai wahalar da ma'aikatan rijista suka fi kowa sani: rajista biyu ce, kalanda biyu ce. Sakandare tana da jerin sunayenta, kwaleji tana da nata, kuma na'urorinsu ba kullum suke magana da juna ba. Zangon sakandare da na kwaleji ba sa farawa rana ɗaya. Yaro yana iya canja aji a makarantarsu, ya ɗauka ya fita, alhali sunansa na nan a jerin kwaleji har ƙarshen zango, a rubuta masa faɗuwa a darasin da ya daina shiga. Wani kuma ya zauna zango guda yana ƙoƙari, a ƙarshe a tarar ba a taɓa shigar da sunansa ba. A aji ɗaya ana iya samun masu neman kiredin jami'a da waɗanda ba sa nema, malamin kuwa shi ake bari ya tantance wane ne wane, a kan aikin koyarwarsa.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce idan aka sassauta ƙofa, darajar kiredin za ta zube, jami'o'in da ake kai shi su ƙi karɓa, kuma yaran da ake son taimaka wa su ne za su kwashi faɗuwa. Wannan magana tana da nauyi, ba na raina ta. Akwai ma abin da ya ƙara mata nauyi: kwalejojin al'umma sun yi asarar ɗalibai manya cikin shekarun baya, ƴan sakandare ne ke cike musu gurbi, kuma a jihohi da dama yawan masu rijista yana da hannu a kuɗin da makaranta ke samu. Inda lamba ke kawo kuɗi, akwai jarabar a rubuta kowa. Amma maganin wannan ba ƙuntata ƙofa ba ne. Inganci a cikin aji ake tsare shi: malamin da ya cancanta, manhaja ɗaya da ta jami'a, jarrabawa ɗaya, da malamin jami'a mai zuwa duba aikin. Ƙofa mai tsauri ba ta gyara darasi mara kyau, tana dai rage yawan waɗanda za su shige shi. Ƙofa a buɗe ba tare da mai tsaro ba kuma ba adalci ba ce, sakaci ne.

Abin da nake ganin ya dace bai wuce abu huɗu ba. A sanar da kowane ɗalibi da iyayensa, ba zaɓaɓɓu ba, cikin harshen da ake yi a gidansu, kuma da baki, ba da takarda kaɗai ba. A auna cancanta da shaida fiye da ɗaya, gwargwadon darasin da ake nema. Yaron da ya tashi da Sifaniyanci a gida bai kamata gwajin Ingilishi ya hana shi darasin Sifaniyanci na jami'a ba. A sa mutum guda, mai suna da ofis, wanda aikinsa shi ne daidaita jerin sunayen makarantun biyu a makonnin farko, kowane yaro ya tabbatar da idonsa cewa sunansa na inda ya kamata. Sa'an nan a duba aikin kowane yaro kafin ranar janyewa ta wuce, a zauna da wanda ke tangal-tangal, a faɗa masa gaskiya tun yana da zaɓi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƴan uwana ɗalibai, ba na kawo wannan misali domin in ce a kwaso shi a dasa a lise-lisenmu ba. Tsarinmu na bak da nasu ba ɗaya ba ne, kuma matsalolinmu na ajujuwa da malamai sun sha bamban. Abin da ya haɗa mu da su shi ne teburin rijista. A Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, kowace shekara sababbin ɗalibai suna zaɓen sashe, suna sa hannu a kan ƙa'idojin kiredi da maimaici, cikin harshen da iyayen mafi yawansu ba sa karantawa, su ma kansu ba su gama mallakar salonsa na ofis ba. Mu ne muke nazarin fassara, da ƙirƙirar kalmomi, da bambancin harshen gida da na makaranta. Takarda ɗaya mai shafi biyu, cikin Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, mai bayyana wa sabon ɗalibi mene ne kiredi, me zai faru in ya faɗi, da ranar da ba ya iya komawa baya, ba ta fi ƙarfin sashenmu ba. Ina roƙon malamanmu su ba mu ita a matsayin aikin zango mai zuwa, mu kuma mu tsaya da ita a bakin ofishin rijista ranar da ƙannenmu za su zo.