Karayar Ƙugu a Tsufa: A Duba Ƙashin Kafin Ya Karye

A gidaje da dama, idan tsohuwa ta zame a banɗaki ƙugunta ya karye, abin da ake cewa shi ne tsautsayi, sai a nemo mai ɗori. Ba a cika tambayar dalilin da ƙashi mafi ƙarfi a jikin ɗan'adam zai karye a faɗuwar da ba ta kai ta kawo ba. Sau da yawa ƙashin ya daɗe da rauni, kuma ɗaya daga cikin musabbaban raunin shi ne laushin ƙashi da ƙarancin bitamin D ke haddasawa.

Fata ce ke samar da wannan sinadari idan hasken rana ya taɓa ta, hanta da ƙoda su sarrafa shi, shi kuma ya taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyom daga abinci. Idan ya yi ƙaranci, sabon ƙashi ba ya tauri, jijiyoyin cinya su raunana. Tsoho ya dinga kukan ciwon ƙashi, miƙewa daga zaune ta zama aiki, tafiyarsa ta koma rangaji. Ƙashin ya yi laushi, faɗuwa kuma ta ƙara kusantowa.

Wani zai ce ƙasar da rana ta wadata kamar Nijeriya ba ta da wannan matsala. Amma fatar tsoho ba ta samar da bitamin D kamar ta matashi, baƙar fata na buƙatar lokaci mai tsawo a rana, kuma hasken da ya ratso gilashin taga ba ya yin aikin. Mahaifiyar da aka ɗauko daga ƙauye aka ajiye a bene a Gwarinpa ko Kubwa tana iya yin mako ba ta taka tsakar gida ba. Abinci ma na da nasa kason: binciken da aka yi a Jos, aka wallafa a 1999, ya nuna ƙarancin kalsiyom ne babban abin da ke lanƙwasa ƙafafun yara a can.

Gwajin jini na iya gano matsalar, maganinta kuma ƙwayoyin bitamin D da kalsiyom ne bisa umarnin likita, tare da kifi, ƙwai da nono. Kuɗinsu bai kama ƙafar na tiyatar ƙugu ba, wadda likitoci ke so a yi cikin kwana biyu, domin doguwar kwanciya kan jawo gyambon baya, daskarewar jini da ciwon huhu.

Gyaran yana hannun hukuma. Inshorar ma'aikacin tarayya ta ƙunshi shi da abokin aurensa da 'ya'ya 4 'yan ƙasa da shekara 18. Iyaye ba sa ciki. Dokar NHIA ta 2022 ta tanadi asusun masu rauni, har da tsofaffi. Wajibi ne wannan gwaji da maganinsa su shiga cikin abin da asusun ke biya, kuma asibitocin ƙashi na Dala, Igbobi da Enugu su mayar da shi ƙa'ida ga duk tsohon da aka kawo da karaya. Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa ita ce ta fi cancanta ta ja gaba.

Masu rubuta takardun da ministoci ke sa wa hannu su tuna: mai fita ofis da sassafe ya dawo bayan magariba, shi ma ritaya na jiransa a shekara 60, da ƙashin da ya tanada yau.