Gero Ya Wuce Hajar Kasuwa: Darasi Daga Masarar Meksiko

A unguwar Umarari ta birnin Maiduguri, kamar sauran unguwannin Jihar Borno, farashin mudun gero shi ne ma'aunin kwanciyar hankalin magidanci. Da gero ake burabusko da kunu da fura, da shi ake buɗa-baki a watan azumi, da shi kuma ake fid da zakkar kono. Saboda haka duk manufar gwamnati da ta taɓa hatsi ta zarce batun ciniki.

Idan dai ba a manta ba, a shekarar 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shirin SAP, ta kuma rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da Hukumar Hatsi ta Ƙasa da aka kafa a 1977. A 1987 aka haramta shigo da alkama, a 1992 aka ɗage haramcin. A 1997 aka janye tallafin takin zamani, daga baya aka mayar da shi. A watan Yulin 2024 kuma, bayan tsadar da ta biyo bayan janye tallafin man fetur, Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar dakatar da harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150. Gero ma ya shiga jerin daga baya, kuma idan masara ta faɗi a kasuwa, gero kan bi ta. Mai saye ya samu sauƙi, manomin da ya sayi taki da tsada kuwa ya kwana a ciki.

Ƙasar Meksiko, mahaifar masara, ta riga Nijeriya ɗanɗana wannan. Ranar 1 ga Janairun 1994 yarjejeniyar NAFTA ta fara aiki, masarar Amurka mai tallafin gwamnati ta kwararo, ƙananan manoma da yawa suka bar gona. A wannan ranar ce 'yan tawayen Zapatista suka ɗauki makami a jihar Chiapas. A 1999 aka rufe CONASUPO, hukumar da ke sayen masarar manoma. Da farashi ya tashi a duniya, dubban mutane suka yi zanga-zanga a babban birnin ƙasar a Janairun 2007 kan tsadar abincinsu na masara. Arahar jiya ta zama tsadar yau.

Babu shakka kasuwa ta fi ma'aikacin gwamnati iya kai hatsi inda ake bukata. Abin da ba ta yi shi ne ajiya domin shekarar fari. Ya kamata gwamnati ta tsayar da mafi ƙarancin farashi kafin shuka, ta sayi rarar kaka ta zuba a rumbunanta, ta kuma wadata Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, mai alhakin inganta irin gero, da kuɗin aiki. Dillalan Kasuwar Monday su ma wannan ya shafe su: ranar da manomi ya ajiye fartanya, ba su da abin aunawa.