Bayan an kafe sunaye, ina sauran za su dosa?

Duk shekara idan lokaci ya yi, akan kafe wasu ƴan takardu a bangon tsangayoyin jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da na jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa. Takardun suna ɗauke da sunayen waɗanda aka amince su shiga karatun masta. Samari da ƴan mata kan yi cincirindo, kowa yana bin jerin da yatsa daga sama har ƙasa, ya sake komowa daga ƙasa zuwa sama. Wanda ya ga sunansa ya ruga ya sanar da gida. Wanda bai gani ba kuwa sai ya sulale, yana tunanin abin da zai gaya wa mahaifin da ya sayar da buhunan wake, ko mahaifiyar da ta kwashe adashenta domin karatunsa. A kan masu sulalewar nan ya kamata a yi magana, domin babu ofishin da aka ɗora wa alhakin tambayar inda suka nufa.

Da farko sai an faɗi wata gaskiya da ake yawan ɓoyewa: rashin ganin suna a jeri bai isa hujjar cewa ɗalibi daƙiƙi ne ba. Sau da yawa lissafin kujeru ne kawai. A tsohon tsari, wanda ya gama lisansi yakan zarce zuwa shekara ta huɗu ya yi metiriz ba tare da wani shinge mai tsawo ba. Bayan umurnin da ƙungiyar UEMOA ta bayar a shekara ta 2007, jami'o'in yankin sun koma tsarin LMD, wato shekara 3 ta lisansi, 2 ta masta, 3 ta dakta. A bakin ƙofar masta aka kafa tankaɗe, inda ake duba dosiye, a zaɓi wasu, a bar wasu. Kuma yawan waɗanda za a ɗauka ya rataya ne a kan yawan manyan malaman da ke da muƙamin duba kundin bincike, muƙamin da ake samu ta hannun majalisar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968. Malami ɗaya ba zai iya bin kundi ɗari layi bayan layi ba, komai himmarsa.

A gefe guda kuma ƙofar shiga jami'a sai ƙara buɗewa take yi. Daga 1971 da aka aza harsashin jami'ar Yamai har kusan shekara arba'in, ita kaɗai ce jami'ar gwamnati a ƙasar. A 2010 aka kafa na Maraɗi, Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Wannan ci gaba ne da babu mai musunsa, ya kuma kusanto da ilimi ga ɗiyan talakawan da ba su da dangi a babban birni. Sai dai gina aji ya fi horar da farfesa sauri. An faɗaɗa gindin tulu, wuyansa yana nan yadda yake.

Me ya sa kowa ke rububin masta? Ba duka ne ke da ƙishin bincike ba. Da yawa suna neman inuwar fakewa ne, domin tun da tsarin tsuke bakin aljihu na shekarun 1980 da 1990 ya kawo ƙarshen ɗaukar ma'aikata kai tsaye daga jami'a, takardar shaida ta daina zama tikitin shiga ofis. Ɗaliban da suka fito ranar 9 ga Fabrairu 1990, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, makomar karatu da ta aiki suna cikin abin da ya fito da su. Fiye da shekara talatin bayan haka, ƙannensu da ɗiyansu suna ci gaba da tambayar da ba a amsa ba: in an gama, sai ina? Matashin da bai ga aiki a gabansa ba yakan ɗauka cewa ƙarin shekara biyu a aji ya fi masa zaman gida, ga kuma fatan matsayi da albashi mafi tsoka in Allah ya sa ya shiga aikin gwamnati.

Babban haɗarin da ke jiran wanda aka bari a baya shi ne jira. Zai ce bari in jira jeri na biyu, bari in jira wani kawu ya yi magana, bari in jira baɗi. Kafin ya farga shekara ta wuce a fada, tsakanin butar shayi da karta, abin da ya karanta yana zurarewa, dosiyensa kuma yana nan yadda aka ƙi shi bara. Ga ƴa mace abin ya fi tsanani, domin a gidaje da dama shekarar zama ita ce shekarar da ake rufe maganar karatu baki ɗaya. Wannan jiran gawon shanu shi ke cinye matasa, fiye da ƙin da aka yi musu.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Dabara ta biyu tun a shekarar ƙarshe ta lisansi ake shirya ta, kafin a kafe sunaye. Ɗalibin da ya ajiye dosiye a wuri ɗaya tak ya yi wa kansa ƙwange. Wanda ya karanta aikin gona ko ilimin ƙasa a Yamai yana iya nema a Maraɗi ko Tawa, yana iya duba cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tun 1974, wadda ke horar da ƙwararru kan yanayi, ruwa da cimaka. Akwai makarantar ma'adinai ta EMIG, akwai jarrabawar shiga makarantar horar da ma'aikatan mulki da ta horar da malamai. Kowace da ranarta da takardunta, kuma wanda bai tambaya da wuri ba sai labari ya iske shi bayan an rufe.

Hanyar waje ma tana nan, amma ta canza fuska. Shekaru da dama Faransa ce alƙiblar mai lisansi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Faransa ta dakatar da ba ɗaliban Nijar biza, a farkon 2024 kuma ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai. Darasin da ke ciki a fili yake: makomar da aka rataya a ƙusa ɗaya, siyasa tana iya kayar da ita cikin dare guda. Maroko, Aljeriya, Turkiyya da Sin sun daɗe suna ba ɗaliban Afirka guraben karatu. Kusa da gida kuma ga jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ga Bayero ta Kano, ga Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, inda ɗan Maraɗi ko Konni ba zai yi baƙunta a kasuwa ko masallaci ba. Abin da ke tare hanya shi ne Ingilishi. Don haka wanda ya ba da wata shida ga koyon Ingilishi da aikin kwamfuta bai yi asarar shekararsa ba, ya ƙara wa kansa ƙofofi ne.

Sai kuma aiki, ko da ƙarami ne. Bautar ƙasa ta shekara biyu, wadda aka fi sani da sabis sibik, da koyarwa a kwantiragi ba sa azurta kowa, kuma masu yinsu sun sha kukan jinkirin biyan ɗan abin da ake ba su. Duk da haka, wanda ya yi shekara yana koyar da lissafi a wata makarantar karkara, ko ya bi ma'aikatan wani shiri yana tattara bayanai gida gida, zai dawo gaban masu zaɓe da abin faɗi, da tambayar bincike da ya tsinto daga rayuwar mutane, da kuma wanda zai rubuta masa takardar shaida. Haka nan kasuwa. Albasar Galmi, jan akuyar Maraɗi, wake da riɗi da aya suna tsallake iyakoki kullum, kuma fataken da ke safararsu suna bukatar mai riƙe musu lissafi, mai cika takardun duwan, mai sanin yadda ake adana kaya kada su ruɓe. Mai lisansin da ya raina wannan fage saboda babu teburi da na'urar sanyaya ɗaki ya manta cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Akwai tarko ɗaya da ya wajaba a ja kunnen iyaye a kansa. Makarantu masu zaman kansu da ke tallar masta sun yawaita, wasu na ƙwarai ne, wasu kuwa allo ne kawai a bakin titi. Kafin a sayar da gona ko sa, a je ma'aikatar ilimi mai zurfi a tabbatar gwamnati ta amince da makarantar da kuma fannin, a bincika ko CAMES ta san da takardar. Difloma da babu mai karɓarta ta fi rashin difloma ciwo, domin ta tafi da kuɗi da shekaru.

To amma zai zama zalunci a ɗora wa matasa nauyin duka. Mahukuntan jami'o'i da ma'aikatar da ke kula da su suna da bashi a wuyansu, kuma biyansa ba ya bukatar miliyoyin sefa. A bayyana tun da wuri kujeru nawa ne a kowane fanni, da ma'aunin da za a yi zaɓe da shi. A fitar da sakamako a kan kari, domin jerin da ya fito bayan an rufe rajista a sauran wurare ya kashe wa ɗalibi shekara ba tare da laifinsa ba. A gaya wa wanda aka ƙi dalilin ƙinsa, ko da a layi biyu ne, a kuma ba shi inda zai kai ƙorafi. Duk inda aka yi zaɓe cikin duhu, zargin hanya da sanayya ne ke tsirowa, ko da malaman sun yi adalci, kuma zargin nan shi ke zama wutar yajin karatu daga baya. Hukumar ANAB mai kula da bursa ta riƙa yaɗa guraben ƙasashen waje har rediyon jihohi, cikin Hausa da Zarma da sauran harsunan ƙasa, kada labarin ya tsaya ga masu ƴan uwa a ofisoshin Yamai.

Sama da duka, a mayar wa lisansi darajarta. Manufar tsarin LMD ita ce mai shekara uku ya fito da abin da zai ci abinci da shi. In har lisansi ba ta da amfani sai a matsayin tsani zuwa masta, to an karɓi sunan tsarin ne, an bar ruhinsa. Abdou Moumouni, masanin kimiyyar da aka raɗa wa jami'ar Yamai sunansa a 1992, ya wallafa littafinsa kan ilimi a Afirka tun 1964, inda ya soki makarantar da ke yanke yaro daga harshensa da bukatun ƙasarsa. Shekara sittin ke nan, sukar ba ta tsufa ba.

Iyaye kuma su sassauta. Yaron da ya dawo gida babu suna a jeri yana bukatar a zauna da shi a yi shawara, gori ba zai buɗe masa ko da taga ba. Ƙasar da ta ɗauki ɗa tun daga aji ɗaya na firamare, ta kai shi har lisansi da kuɗin talakawa, ba ta da ikon sakinsa a bakin bango ta juya baya. Baɗi ma za a kafe sunaye. Abin da ake jira daga hukuma shi ne, kusa da jerin waɗanda aka ɗauka, a kafe takarda ta biyu mai nuna wa sauran hanya.