Wa Ya Ce Kanikanci Aikin Daƙiƙai Ne?

Akwai wata magana da na gaji da jin ta a bakin iyaye, tun ina yaro a Kano har yau da furfura ta fara fito mini a ƙasar Aljeriya: "Yaron nan ba shi da kan karatu, a kai shi gareji." Ana faɗin ta cikin sauƙi kamar ana zubar da ruwan wanke-wanke. Ni aka yi wa wannan hukunci ina ɗan shekara goma sha uku, don haka ina da bakin magana. Abin da na zo faɗa shi ne, wannan tunani yana kashe sana'armu, yana kashe dukiyar mutane, wani lokaci ma har da rayukansu. Kuma mu kanikawa muna da kasonmu na laifin.

Ina rubutun nan ne daga Utul, wanda ake rubutawa Outoul a allon hanya, wani ƙauye da ke kimanin kilomita 20 kafin ka shiga Tamanrasat idan ka fito daga arewa. Babban titin da ya ratsa Sahara daga Aljiyas, tafiyar kusan kilomita 2,000, ta nan ya bi, ya wuce Tamanrasat, ya gangara wasu kilomita 400 zuwa In Gezam, daga nan sai Asamaka a Nijar, sai Arlit, sai Agadas. Wanda ya zauna a gefen wannan hanya ya san cewa mota a nan rai ce. A Kano idan mota ta mutu maka a Titin Zariya, sai ka ture ta gefe ka tari Adaidaita. A nan idan ta mutu maka a inda babu rijiya, sai dai abin da Allah Ya yi.

Ba da ka nake faɗin haka ba. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, galibinsu mata da ƙananan yara, kuma yawancinsu daga yankin Kance na jihar Damagaram. Motoci biyu da suka ɗauko su ne suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa su. An yi ta magana a kan talauci da bara da masu fasa-ƙwaurin mutane, kuma duk gaskiya ne. Amma ni bakanike, tambayar da ta tsaya mini a wuya ita ce: wa ya duba waɗannan motoci kafin su tashi? Hannun wa suka bi? Ba ina ɗora wa kowa alhaki ba, ajali ba ya wuce lokacinsa. Ina dai so mai karatu ya gane nauyin abin da muke damƙa wa yaron da muka ce ba shi da kai.

Bari in ba ku labarin ranar da aka kunyata ni, don kada a ce ina wa'azi daga kan tudu. Wani ɗan kasuwa ya kawo mini Hilux mai shan gas, irin ta zamani. Tana tashi lafiya, amma da ta hau hanya sai ƙarfi ya gudu, ga fitilar gargaɗi a kunne. Na canza matatar mai. Na kwance nozul-nozul na kai aka wanke. Na fara zargin famfon mai, har na gaya wa mai motar ya shirya kuɗin sabo. Kwana uku ina fama. A rana ta huɗu ya zo da wani saurayi ɗan garin, wanda bai kai ɗan cikina na fari ba. Yaron ya jona na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari, ya karanta lambar da ta fito, ya ɗauko mita ya auna wayoyi biyu, sannan ya kwance sensar da ke auna iskar da ke shiga inji. Ƙurar hamada ce ta lulluɓe ta, saboda akwatin matatar iska ya tsage ta ƙasa. Ya goge, muka toshe tsagar, mota ta miƙe. Ko awa ɗaya bai yi ba.

Na tambaye shi a ina ya koya. Ya ce a cibiyar koyon sana'a ta gwamnati, wadda suke kira CFPA. A Aljeriya irin waɗannan cibiyoyi suna ko'ina, har cikin garuruwan hamada, kuma tun 1981 suke da dokar koyon sana'a a hannun maigida, wadda suka sabunta a 2018. Yadda abin yake, ana ƙulla yarjejeniya a rubuce tsakanin yaro da mai gareji da cibiyar. Mafi yawan lokacinsa yana gareji da datti a hannu, sauran kuma yana aji ana koya masa lissafi, da karanta zanen wayoyi, da dalilin da ya sa kowane ƙarfe yake inda yake. Ana ba shi ɗan alawus, kuma a ƙarshe ya yi jarrabawa ya karɓi takarda. Ba na cewa tsarinsu ba shi da naƙasu, su ma suna kuka da nasu. Amma yaron nan ya san abin da ni, da shekara talatin a ƙarƙashin mota, ban sani ba. A daren nan ban yi barcin kirki ba.

Na san amsar da 'yan'uwana kanikawa za su ba ni, domin ni ma na sha ba da ita: "Mu da ba mu je makaranta ba, mu ne muke riƙe da motocin ƙasar nan. Ɗan makaranta ko sifana mai lamba goma ba ya iya bambancewa da mai lamba goma sha biyu." Akwai gaskiya a ciki. Kunnen da ke jin ƙarar metal tun kafin inji ya buga, a gareji ake samun sa. Na ga masu difloma da ba su taɓa sauke giya ba. Na kuma ga abin al'ajabi a Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, inda mutum zai ƙera maka abin da kamfani ya daina yi. Wannan baiwa ba abin rainawa ba ce.

Sai dai motar da muka koya a kanta ta tafi. Fijo 504 da kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna bayan ya fara aiki a 1975, da tsohuwar Land Cruiser mai famfon gargajiya, motoci ne da ido da kunne da hannu suke iya gamawa da su. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can tsarin bincike na kwamfuta da ake kira OBD-II, Turai ta bi sahu a 2001 ga masu shan fetur, a 2004 ga masu shan gas. To, waɗanne motoci ne suka cika titunan Kano da Maraɗi yau in ba kwancen Amurka da Turai ba? Wato sama da shekara ashirin ke nan motar tana faɗin ciwonta da bakinta, mu kuma ba mu iya harshen ba.

Ku duba ɓarnar da rashin sanin nan yake jawowa. Mota ta zo daga waje, abu na farko sai a cire mata abin da ke daidaita zafin ruwan inji, a jona fanka kai tsaye, wai "ƙasarmu da zafi". Alhali injin an ƙera shi ne ya yi aiki a wani ma'aunin zafi. Idan bai kai ba, kwamfutar motar za ta ɗauka har yanzu da sanyi, ta ci gaba da zuba mai fiye da kima, mai mota ya yi ta kuka da shan mai bai san daga ina ba. Wani kuma zai zare kan batir inji na aiki don ya gwada ko caji na yi, dabarar da ta yi amfani a zamanin kafireta, amma yau tana iya ƙona kwamfutar mota. Mu masu gas mun saba sassauta bututun nozul inji na tafiya don gano silindar da ba ta aiki. A sabon inji, ƙarfin man da ke cikin wannan bututu yana haura ba 1,600, alhali iskar tayar ƙaramar mota ba ta wuce ba biyu zuwa uku ba. Feshinsa yana huda fata ya shiga nama. Ga kuma motoci masu haɗa fetur da lantarki irin su Prius, masu batirin da ya haura bolt 200. Wayoyinsu masu ruwan lemo gargaɗi ne. Wa ya gaya wa yaron da ke wanke kusoshi a garejinka ma'anar wannan launi? Tun da aka cire tallafin fetur a Nijeriya ranar 29 ga Mayun 2023, ana ta kira a mayar da motoci masu amfani da iskar gas. Tukunyar tana ɗauke da matsi na kusan ba 200, a bayan kujerar da iyalinka ke zaune. A hannun mai "gwada mu gani" za ka ba da wannan aiki?

Laifinmu na biyu ya fi na farko muni, wato yadda muke riƙon yara. Yaro zai shekara biyu aikinsa sayo wa maigida abinci da miƙo sifana. Idan ya yi tambaya a daka masa tsawa. Idan aikin sirri ya zo, sai a aike shi kasuwa don kada ya gani, saboda maigida na tsoron ranar da zai buɗe nasa garejin ya ɗauke masa masu kawo aiki. Babu ranar farawa, babu ranar gamawa, babu jerin abin da ya kamata ya iya kafin a yaye shi. Wasu su kai shekara bakwai ko takwas, su fita da rabin ilimin maigida, wanda shi ma rabin na nasa maigidan ya samu. Haka ilimi yake ta ƙanƙancewa motoci kuma suna ta ƙara wuya. Ni ma na yi wa yara haka, Allah Ya yafe mini.

Yanzu ga gwamnatoci. Ba za a ce babu makarantu ba. Nijeriya ta kafa asusun ITF a 1971, hukumar NBTE a 1977, da hukumar jarrabawar NABTEB a 1992. Kano tana da kwalejojin fasaha a Wudil da Bagauda da Ungogo da cikin birni. Nijar tana da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, da cibiyoyin koyon sana'a a ƙananan hukumomi. Sunaye da allunan ƙofa akwai su. Tambayata ita ce, injin da ɗalibi ke kwancewa a ciki, na wace shekara ne? Wanda ya yi zamanin tsarin 6-3-3-4 ya tuna yadda aka shigo da injinan koyar da fasaha a shekarun 1980, da yawa suka ruɓe a cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya iya kunna su. Sannan wanda ya daure ya yi babbar difloma a kwalejin kimiyya da fasaha, sai ya tarar an ajiye shi a bayan mai digiri a wurin aiki. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin kawar da wannan bambanci a 2021, aka bar shi babu sa hannu. Ka raina abu a takarda, ka raina shi a albashi, sannan ka hau mumbari kana cewa matasa su rungumi sana'a. Wa za a yaudara?

Ƙasashen da ke ƙera motocin ba sa wannan wasan. A Amurka akwai kwalejojin al'umma na shekara biyu, masu sauƙin kuɗi, inda kamfanoni irin su Toyota da Ford da General Motors suke da shirye-shiryen horo: ɗalibi ya yi makonni a aji, ya yi makonni a garejin dillali ana biyan sa, sannan ya nemi shaidar hukumar ASE wadda aka kafa a 1972. A Jamus tun 2003 suka haɗe aikin bakanike da na mai wayar mota ya zama sana'a guda, ana koyon ta shekara uku da rabi tsakanin gareji da makaranta. Mu har yanzu bakanike yana nan, mai waya yana can, kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifi, mai mota na biyan su duka.

Abin da nake kira gare shi ba ya buƙatar sabon gini ko tawagar zuwa Turai. Garejinmu suna nan cike da motoci da yara. Kwalejoji suna nan da azuzuwan da ke kulle da yamma da ranakun hutu. A haɗa su. Yaro ya yi kwana huɗu a gareji, kwana ɗaya ko biyu a aji, a koya masa lissafi da lantarki da karanta littafin mota, da Hausa idan ta kama, domin wutar lantarki ba da Turanci ko Faransanci take tafiya ba. A rubuta yarjejeniya mai wa'adi, shekara uku ko huɗu, da jarrabawar hannu a ƙarshe. Ƙungiyar kanikawa ta NATA a Nijeriya da takwarorinta a Nijar su daina tsayawa a karɓar kuɗin kati da sasanta rigimar fili, su sayi na'urorin bincike na haɗin gwiwa, su tilasta mana mu tsofaffi komawa aji. Ni ne zan fara zama a benci na gaba. Gemu ba ya hana ilimi.

Ku kuma iyaye, ku ji tsoron Allah. Annabi Dawuda, Alaihis Salam, da hannunsa yake saƙa sulke yana ci daga guminsa. Annabi Nuhu jirgi ya sassaƙa, Annabi Zakariyya kafinta ne. A ina muka samo cewa mai datti a hannu shi ne ƙasƙantacce? Idan kana da yaro mai kaifin kai, mai kwance rediyo ya mayar, shi ne ya dace da wannan aiki, kuma kada ka cire shi daga makaranta don ka kawo mana shi. Ya iya karatu da lissafi tukuna. Yaron da ba ya iya karanta lambar da na'ura ta nuna, a garejin gobe wanke kusoshi kawai zai yi har ya tsufa.

Ɗana na biyu yana Kano, ya gama ƙaramar sakandare. Kawunansa sun so in kira shi nan ya riƙa miƙo mini sifana, tunda ga gareji a hannu. Na ƙi. Na sa an nema masa gurbi a kwalejin fasaha, da sharaɗin duk hutu yana garejin wani abokina. An ce na raina sana'ar da ta ciyar da ni. Wallahi girmama ta ne ya sa. Na sayi na'urar bincike da kuɗin da na tara na gyaran ɗaki, kuma saurayin nan da ya kunyata ni yakan biyo ta garejina duk Juma'a bayan masallaci. Ni nake dafa shayi, shi yake koyarwa.