Ciwon wuyan masu danna waya: murɗe wuya irin na TikTok ba shi ne magani ba

Duk mai yawan leƙa TikTok ko Facebook ya san irin bidiyon. A kwantar da mutum, wani ya tallafo kansa, ya murɗa shi da sauri, wuya ya yi ƙas, wanda aka yi wa ya tashi yana murmushi. Bidiyoyin suna samun ɗimbin masu kallo domin sun zo daidai lokacin da matasa ke kukan wuya: mai POS a tashar Gaya, mai gyaran waya a Ajingi, da waɗanda suka raba dare suna danna Hamster Kombat a 2024. Abin tsoro shi ne a ɗauka wannan aiki ne da aboki zai iya yi wa aboki a majalisa. Hannun ƙwararre yana taimaka wa wuya, amma ba irin wannan hannun ba, kuma ba shi kaɗai ba.

Wuyan ɗan Adam ƙasusuwa bakwai ne a jere, suna ɗauke da kai mai nauyin kimanin kilo 5. A 2014 wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya lissafa da kwamfuta cewa idan aka sunkuyar da kai sosai, yadda ake yi wajen karanta saƙo, nauyin da wuya ke ji yana kai wa kilo 27. Sai dai a 2018 wani bincike a kan matasa 150 a Brazil bai ga alaƙa tsakanin yanayin sunkuyon da ciwon ba. Abin da za a fahimta shi ne, sunkuyo na ɗan lokaci ba ya karya kowa. Daɗewa a wuri ɗaya ba motsi, da ƙarancin barci, da damuwa, su ke taruwa su riƙe wuya. Mafi yawan irin wannan ciwo ba karaya ba ne, ba ƙari ba ne, ko an ɗauki hoto ba lallai a ga wani abu ba.

A asibiti, masu kula da shi su ne likitocin gashi. Ɗaya daga cikin dabarunsu ita ce motsa gaɓoɓin wuya da hannu: likita ya ɗora yatsunsa a kan gaɓar da ta ƙage, ya riƙa dannawa yana saki a hankali, daidai gwargwadon abin da majiyyaci zai iya ɗauka, kuma da ya ce a tsaya za a tsaya. Wani likitan gashi ɗan Ostareliya, Geoffrey Maitland, shi ya shahara da tsara wannan dabara mataki-mataki. Ta sha bamban da fizgar da ake gani a bidiyo. Ƙarar nan ma da ke burge masu kallo ba ƙashi ne ya koma mazauninsa ba, iska ce a cikin ruwan gaɓa, irin wadda ake ji idan an ja yatsa.

A 2015 ƙungiyar Cochrane, mai tattara binciken lafiya na duniya, ta duba gwaje-gwajen da aka yi, ta ga motsawa a hankali da fizga kusan sakamako ɗaya suke bayarwa. Ita kuwa fizga tana da haɗarin da ba kasafai yake faruwa ba, amma idan ya faru babba ne: jijiyoyin jinin da ke kai wa ƙwaƙwalwa ta wuya suke bi, kuma an samu waɗanda suka kamu da shanyewar ɓarin jiki bayan an murɗa musu wuya. Idan amfanin ɗaya ne, me zai sa mutum ya zaɓi mai haɗarin, balle a hannun wanda ya koya daga waya?

Sauƙin da hannu ke kawowa kuma yawanci na ɗan lokaci ne. Amfaninsa shi ne ya sassauta wuyan har mutum ya iya atisaye. A 2012 an buga wani gwaji da aka yi wa mutum 272 a jihar Minnesota ta Amurka, inda waɗanda aka koya wa atisayen gida a zama biyu kacal suka samu sauƙi kusan daidai da waɗanda aka yi makonni 12 ana yi musu aikin hannu.

Wannan labari ne mai daɗi ga ɗan Gaya da Ajingi. Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suna da sashen gashi, amma daga Gaya zuwa Kano ta Wudil ya haura kilomita 60, kuma ba kowa zai jure kuɗin mota duk mako ba. Ba sai ya jure ba. Ya fara da Babban Asibitin Gaya a duba shi, in an tura shi gaba ya je, ya nemi a koya masa atisaye, ya roƙi izini ya ɗauka a bidiyo da wayarsa, ya dawo gida ya dage.

Wani zai ce ai iyaye da kakanni tausa da gashin ruwan zafi suka sani, kuma suna jin daɗinsu. Gaskiya ne, tausa mai sauƙi da tsumma mai ɗumi ba su da laifi. Matsalar ita ce mai tausa ba ya iya tantance ciwon da ba na tausa ba. Wuyan da ya sandare tare da zazzaɓi da ciwon kai, musamman a lokacin zafi, yana iya zama sanƙarau, kuma asibiti ake kai shi a ranar. Haka wanda ya faɗi daga babur, ko hannunsa ke mutuwa, ko yake jin jiri, ko ƙafafunsa suka yi rauni. Dogaro da ƙwayar Diclofenac ta kemis kullum shi ma yana iya taɓa ciki da ƙoda.

Sauran aikin yana hannun mai wayar. Ya ɗago ta kusa da ido, ya daina kallon fim a kwance da kai a lanƙwashe. Ya saita ƙararrawa duk rabin awa, ya miƙe, ya juya kai dama da hagu a hankali, ya ja haɓa baya, ya juya kafaɗu. Manhajar Digital Wellbeing da ke cikin mafi yawan wayoyin Android tana nuna awannin da aka ƙona, tana kuma rufe manhajar da ta wuce iyakar da aka sa mata. Idan an yi makonni ana haka ciwon bai ragu ba, lokacin ganin likitan gashi ya yi.